Hutun farko a Abijan: Unguwa ake fara zaɓa kafin ɗaki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Galmi a watan Afrilu ya san yadda wurin yake: buhunan albasa jere kamar katanga, manyan motoci na lodi, samari na ta ɗora kaya cikin rana. Da yawa daga cikin motocin nan ba za su sauke kayansu ba sai a bakin teku, a Kwatano, Lome, Akara ko Abijan. Hanyar da albasar ke bi, ita ce dai mutanen Ƙonni da Adar suka daɗe suna bi idan an gama aikin gona, su tafi bida.

Ɗan bida bai cika tambayar inda zai kwana ba. Yana da sunan wani ɗan garinsu a baki, yanzu kuma har da lambar wayarsa. Idan ya isa, za a matsa masa wuri a kan tabarma, a ba shi abinci, washegari a fita da shi a nuna masa abin yi.

Sai dai a ƴan shekarun nan akwai wani sabon matafiyi. Malamin makaranta ne a Illela da ya yi shekara biyu yana tari domin babban hutu. Ma'aikaci ne a masana'antar siminti ta Malbaza da ya samu hutun wata. Matashin ɗan kasuwa ne a Birnin Ƙonni da ya yi wa amaryarsa alkawarin za ta ga teku da idonta. Wani kuma yana zaune ne a Faransa ko Beljiyam, yana son ya haɗu da iyayensa a wani birni da ba sai an sha wahalar biza ba. Waɗannan ba aiki suka je nema ba. Kwana bakwai ne ko goma, da kuɗin da aka sha wuya kafin a tara, kuma tambayar farko ita ce: ina za mu sauka?

Yawancinsu da hoto suke farawa. Su buɗe Facebook ko TikTok, su ga falo da kujeru masu laushi da babbar talabijin, su tambayi farashi. A birni kamar Abijan, wannan fara gini ne daga rufi. Unguwa ake fara zaɓa, ɗaki ya biyo baya.

Birnin da ruwa ya raba

Abu na farko da mutumin Ƙonni zai sa a ransa shi ne girman wurin. Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna gundumar Abijan na da mutum sama da miliyan 6. Unguwar Yopougon kaɗai ta haura miliyan ɗaya da rabi. Gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela, idan aka haɗa su gaba ɗaya, ba su kai miliyan ɗaya ba a ƙidayar Nijar ta 2012. Ke nan abin da ake kira "unguwa" a can, gari ne guda mai magajin garinsa da kasuwanninsa.

Abu na biyu shi ne ruwa. Tafkin Ébrié ya ratsa birnin ya raba shi biyu. A arewa akwai Plateau, Adjamé, Cocody, Abobo, Attécoubé da Yopougon. A kudu akwai Treichville, Marcory da Koumassi a kan tsibiri guda, sai Port-Bouët a bakin teku, inda filin jirgin sama na Félix Houphouët-Boigny yake.

Duk mai son tsallakawa daga wannan ɓangare zuwa wancan, ko dai ya hau gada ko ya shiga jirgin ruwa. Tsoffin gadoji biyu, ta Houphouët-Boigny da ta De Gaulle, su ne suka haɗa Plateau da Treichville. Ta uku, gadar Henri Konan Bédié da aka buɗe a Disamban 2014, ta haɗa Riviera da Marcory, kuma biya ake yi kafin a wuce. An ƙara wasu biyu gab da gasar cin kofin Afirka da ƙasar ta karɓi baƙunci a farkon 2024: ɗaya tsakanin Cocody da Plateau, ɗaya kuma da ta sauƙaƙa wa mutanen Yopougon shiga tsakiyar gari.

Duk da haka, da safe da kuma bayan la'asar cunkoso ne a bakin kowace gada. Tafiyar da taswirar waya ta ce ta minti 20 ce da tsakar dare, tana iya cin fiye da awa guda da ƙarfe bakwai na safe. Saboda haka tambayar da ta fi "ɗakin yana da kyau?" muhimmanci ita ce: wuraren da zan yini, a wane ɓangaren ruwa suke?

Ka ɗauki takarda ka rubuta wurare biyar da suka kai ka. Idan kasuwa ce da gaishe da dangi, amsar daban. Idan teku ne da yawon buɗe ido, amsar daban. Idan an haɗa hutun da ganin likita, asibitin ne zai zaɓa maka unguwa.

Unguwannin ɗaya bayan ɗaya

Adjamé ita ce cibiyar ciniki da tashoshin mota. Nan babbar kasuwar Forum take, da kasuwar kayan gwari ta Gouro, da babban masallaci a kan titin Nangui Abrogoua. Mai jin Hausa ba zai yi ƴan mintuna yana tafiya ba sai ya ji harshensa. Wanda ya je da niyyar saro kaya zai so kusa da nan. Amma hayaniya ba ta ƙarewa, cunkoson jama'a na da yawa, kuma wuri ne da ake riƙe waya da aljihu da kyau. Ga mai iyali da ya je hutawa, Adjamé wurin yini ne, ba wurin kwana ba.

Treichville tsohuwar unguwar baƙi ce, kusa da tashar jiragen ruwa. Tarihin ƴan Nijar a nan ya daɗe. A 1958 Jean Rouch ya fitar da fim ɗinsa Moi, un noir kan samarin Nijar masu aikin ƙarfi a Treichville, kuma jarumin fim ɗin, Oumarou Ganda, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu shirya fim na Nijar. Titunan unguwar a jere suke da lambobi, abin da ke sauƙaƙa wa baƙo gane hanya. Akwai masallatai, akwai babbar kasuwa, akwai asibitin koyarwa, akwai tashar jirgin ruwan SOTRA da ke tsallakawa Plateau cikin ƴan mintuna, sannan daga nan ake samun motocin Grand-Bassam. Gine-ginen da yawa tsofaffi ne, don haka sai an duba ruwa da wuta sosai.

Marcory na tsakanin Treichville da hanyar filin jirgi. Ga wanda ya sauka a jirgin sama kuma yana son zuwa teku, wuri ne mai sauƙi, tunda ba sai ya hau gada ba. Sashen da ake kira Zone 4 cike yake da gidajen abinci da mashaya da wuraren rawa, kuma yana da tsada. Sauran sassan Marcory sun fi dacewa da mai matsakaicin aljihu.

Cocody ita ce mafi yawan hotunan da ake gani a intanet. Can ne otal ɗin Ivoire yake, da babbar jami'a, da ofisoshin jakadanci da dama. Unguwanninta irin su Deux Plateaux, Riviera da Angré su ne suka fi yawan gidajen haya masu kaya a ciki, waɗanda ake kira résidence meublée. Akwai natsuwa, akwai manyan kantuna. Matsalar ita ce faɗi. Cocody ta miƙe har bakin Bingerville, kuma wanda ya sauka a ƙarshenta zai kashe kuɗin mota da yawa.

Plateau unguwar ofisoshi ce da dogayen benaye. Nan masallacin Salam yake, da babban cocin Saint-Paul, da gidan tarihi na ƙasa, da tsohon filin wasa na Félix Houphouët-Boigny. Da rana kamar kasuwa, da dare da ƙarshen mako kuma shiru. Wurin ziyara ne, kwana a cikinsa na masu otal ne.

Yopougon da Abobo su ne mafi yawan jama'a, kuma haya ta fi araha. Yopougon ta yi suna wajen wuraren ci da sha na waje da ake kira maquis, inda kiɗa ke kaiwa tsakar dare. Mai son ya yi barci da wuri ya tashi asuba, sai ya tambayi abin da ke maƙwabtaka da ɗakin. Abobo kuwa akwai mutanenmu da yawa, amma ba wurin da baƙon da bai san gari ba zai kama ɗaki shi kaɗai ya riƙa dawowa da dare ba ne.

Port-Bouët na da filin jirgi, da mayanka inda ƴan Sahel ke da yawa, da hanyar Grand-Bassam. Koumassi kuma unguwar masu ƙaramin ƙarfi ce da masana'antu, kuma wasu sassanta na cika da ruwa da damina.

Sunaye masu ruɗi

Mutumin yankinmu ya san cewa Illela biyu ce: ta Nijar da ke jihar Tawa, da ta Najeriya da ke bakin iyaka a jihar Sakkwato. Wanda ya shiga mota a tashar Ƙonni ya ce "Illela" bai ƙara komai ba, yana iya tsintar kansa inda bai nufa ba.

Haka Abijan take. Deux Plateaux ba Plateau ba ce, cikin Cocody take. Abobo-Doumé, inda jirgin ruwa ke tsayawa, ba ta da haɗi da Abobo, tana can bakin tafki ta wajen Yopougon. Riviera ba ɗaya ba ce: akwai ta 2, ta 3, ta 4, akwai Golf, akwai Palmeraie, akwai Faya. Angré kuma an yanka ta kashi-kashi da lambobi. Mai talla zai rubuta "Cocody" kawai domin sunan na sayar da ɗaki, alhali gidan na can bakin gari.

Maganin wannan abu ne mai sauƙi. Ka ce a turo maka wurin a taswira ta WhatsApp, sannan ka nemi alama guda da kowane direba ya sani: kantin magani, mahaɗar hanya, masallaci ko gidan mai. A Abijan da irin waɗannan alamomin ake kwatance. Wanda ya ƙi turo maka wurin kafin ka biya, ya riga ya ba ka amsa.

Lissafin da hoto ba ya nunawa

Sauƙi ɗaya da ɗan Nijar ke da shi a Kodebuwa shi ne kuɗi. Sefa ɗaya ce, tunda ƙasashen biyu na cikin ƙungiyar UEMOA. Babu canji, babu asara wajen ƴan canji kamar yadda ake yi idan za a shiga Najeriya ko Gana. Amma wannan sauƙin na da tarko: mutum na ganin takardar jika goma irin wadda ya saba da ita, sai ya manta cewa abin da take saya a Badagishiri ba shi take saya a Cocody ba.

Mu ƙaddara wani ango da amaryarsa za su yi kwana bakwai. An nuna musu ɗaki biyu. Ɗaya a bakin gari ta wajen Bingerville, jika 15 kowane dare, wato sefa 15,000. Ɗaya a Marcory, jika 22. A ido, na farko ya rage musu jika 49 a mako. To amma wuraren da suke son zuwa su ne Treichville, Plateau, Adjamé da bakin teku. A ce daga na farkon suna kashe jika 8 kullum a mota zuwa da dawowa, daga na biyun kuma jika 2. A ƙarshen mako na farko ya tashi jika 161, na biyu jika 168. Bambancin ya koma jika 7 kacal, kuma sun biya shi da awa biyu ko uku a cikin cunkoso kowace rana. Alƙaluman misali ne kawai, amma kowa na iya sa nasa farashin ya ga inda lissafin zai kai shi. Araha dai ba ta ado.

Yana da kyau a san motocin gari tun kafin a je. Akwai bas-bas na SOTRA da jiragen ruwansu. Akwai gbaka, ƙananan bas masu yaron mota na kiran unguwa. Akwai woro-woro, tasin haɗaka da kowace unguwa ke da launinta: na Cocody rawaya, na Yopougon shuɗi. Akwai tasi masu launin lemo da ke zuwa ko'ina, sannan akwai motocin da ake kira ta manhaja irin su Yango. Ɗakin da ke kusa da inda woro-woro ke bi ya fi wanda ke can cikin lungu, ko da na lungun ya fi ƙawa.

Gidan ɗan'uwa ko ɗakin haya?

Nan ne maganar ke da nauyi, domin ba ta kuɗi ba ce kawai. A al'adarmu, ka je garin da ɗan'uwanka yake ka kama ɗaki ba ka sauka wurinsa ba, abin magana ne. Za a ce ya samu duniya ya fi ƙarfin mutane. Labarin kuma zai riga ka isa gida.

Tsarin masauki tsohon abu ne. Tun zamanin fataken goro, kowane zango na da maigida mai saukar da baƙi, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu a ciniki, ya shiga tsakani idan rigima ta taso. Har masanin nan Abner Cohen ya rubuta littafi guda a 1969 kan yadda wannan tsari ke aiki a unguwar Sabo ta Ibadan. Da wannan tsarin ne albasar Galmi ke isa hannun mai saye a bakin teku har yau.

Amma a faɗi gaskiya: da yawa daga cikin ƴan'uwanmu da ke bida a Abijan, ɗaki ɗaya suke haɗuwa su kama, mutum biyar ko shida. Wasu a shago suke kwana. Abin da suke samu, rabi na tafiya gida domin hatsi da magani da kuɗin makaranta. Idan ka sauka musu da iyali, ba za su taɓa cewa a'a ba. Za su bar maka ɗakin su kwana a waje, su ci bashi su yi maka girki, su bar sana'a su raka ka yawo. Kai ka huta, su kuma su yi wata suna biyan hutun naka.

Akwai kuma wani sabon dalili. A 2024 hukumomin gundumar Abijan sun rusa gidaje a unguwanni da dama, ciki har da Gesco a Yopougon, Boribana a Attécoubé da unguwar Abattoir a Port-Bouët. Dubban mutane sun rasa matsuguni, kuma cikinsu akwai baƙi ƴan ƙasashen Sahel. Kwatancen da aka ba ka na gidan kawu shekara uku da suka wuce, mai yiwuwa yau fili ne. Ka kira ka tabbatar kafin ka kama hanya.

Hanyar da ta fi mutunta kowa ita ce tsaka-tsaki. Ka sanar da su zuwanka tun da wuri. Ka faɗa musu dalilin kama ɗaki ba tare da kwana-kwana ba: ga iyali, ga gajiya, ba ka son takura musu. Ranar farko ko ta biyu ka je ka gaishe su da tsarabar gida, kilishi ko dabino ko garin kuka. Ka ci abincinsu. Ka gayyace su naka masaukin. Zumunci a ƙafa yake, ba sai an kwana ba.

Sannan ka ba su aikin da ya fi kowane daraja: su zama idonka.

Kafin ka tura ko dala

Ƴan damfarar intanet na Abijan sun yi suna har aka ba su laƙabi, ana ce musu brouteurs. Ɗaya daga cikin hanyoyinsu mafi sauƙi ita ce tallan ɗakin da babu shi. Su kwafi hotunan wani gida na gaske, su sa farashi mai rahusa, su ce mutane na rububi, sai ka tura rabin kuɗi ta Wave ko Orange Money domin a riƙe maka. Ka sauka da jakunkuna da daddare, lambar ta daina shiga.

Shi ya sa ɗan'uwan nan da ba ka sauka wurinsa ba yake da amfani. Ka tura masa kuɗin mota da na ɓata lokacinsa, ya je da ƙafarsa. Ya ga ƙofar, ya ga mai gadi, ya shiga ɗakin, ya kira ka ta bidiyo daga ciki. Ya buɗe famfo ya ga ko ruwa na zuwa, musamman idan ɗakin a saman bene yake. Ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, domin zafin Abijan ba irin namu ba ne, mai gumi ne da ba ya bushewa. Ya duba ko tagogi na da raga saboda sauro. Ya tsaya a bakin titi ya ga me ke kusa: masallaci, kantin magani, mai shayi, ko kuwa maquis ne a ƙarƙashin taga. Gani ya kori ji.

Akwai tambayoyin da ya kamata a samu amsarsu a rubuce, ko da a saƙon WhatsApp ne. Kuɗin wuta na cikin farashin, ko mita ce mai kati da kai za ka riƙa lodawa? Akwai kuɗin ajiya, nawa ne, kuma yaushe ake mayarwa? Ƙarfe nawa ake shiga, ƙarfe nawa ake fita? An yarda a yi girki? An yarda baƙi su zo gaisuwa? Wannan ta ƙarshe na da muhimmanci gare mu, domin da zarar an ji ka zo, sallama ba za ta yanke ba.

Idan dillali ne ya shiga tsakani, a san la'adarsa tun farko, da kuma wanda zai biya. A kuma bambanta hayar kwanaki da hayar wata-wata. Dokar Kodebuwa ta 2018 ta iyakance abin da mai gida zai karɓa a hayar zama zuwa wata biyu na gaba da wata biyu na ajiya. Wannan ta masu dogon zama ce. Mai kwana goma ba shi da dalilin shiga irin wannan yarjejeniya.

Masu katin banki na iya bi ta Airbnb ko Booking.com. Amfanin Airbnb shi ne kamfanin na riƙe kuɗin, ba ya sakar wa mai gida sai bayan baƙo ya shiga. A karanta abin da waɗanda suka taɓa kwana suka rubuta, musamman na baya-bayan nan. Idan mai gidan ya ce ku fita daga manhajar ku yi ciniki a waje domin ya yi maka ragi, to kariyar da kake da ita ce yake so ka ajiye.

Wata dabara da ke rage haɗari: kada ka biya mako guda gaba ɗaya. Ka kama dare biyu na farko, ko da a ƙaramin otal ne, sannan ka ga gari da idonka ka yanke shawara. Kuma ka yi ƙoƙari ka isa da rana. Ka tuna agogon Abijan na bayan na Nijar da awa ɗaya.

Ga matan da za su yi tafiya su kaɗai ko da yara, gidan da ke da mai gadi dare da rana da ƙofar shiga guda ya fi, ko da ya ɗan fi tsada. A kuma bar wa wani a gida kwatancen wurin da lambar mai gidan.

Damina da teku

Babban hutun makarantu a Nijar na faɗowa ne daga Yuli zuwa Satumba. A Abijan ruwa mafi ƙarfi na sauka ne daga Mayu zuwa farkon Yuli, watan Yuni ya fi kowane. A daren 18 ga Yunin 2018 ambaliya ta kashe mutum kusan 20, kuma cikin wuraren da abin ya fi shafa har da Riviera Palmeraie, unguwar masu hali a Cocody. Ke nan tsadar unguwa ba ta hana ruwa shiga. Wanda zai je a wannan lokaci ya guji ɗakin ƙasa a kwari, ya guji gidajen da ke gindin tudu, ya kuma tambayi maƙwabta, ba mai gidan ba, ko ruwa na tsayawa a layin. Watan Agusta ya fi sauƙi, ruwa na ja baya, gari na yin sanyi.

Teku kuwa, wanda shi ne ke kai yawancinmu, yana buƙatar gargaɗi na musamman. Grand-Bassam, tsohon babban birnin mulkin mallaka da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2012, na da nisan kimanin kilomita 40 daga Abijan, kuma ana iya zuwa a dawo a yini ɗaya. Amma igiyar ruwan gaɓar na da ƙarfin ja, tana cin har waɗanda suka iya iyo. Wanda iyonsa bai wuce na tabkin damina ko madatsar ruwan Mozage ba, ya tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawu, ya riƙe hannun yara, ya ɗauki hotonsa daga nan.

Takardu

Nijar ta fice daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso. A lokacin ƙungiyar ta sanar cewa za ta ci gaba da amincewa da fasfo da katin shaida na ƴan ƙasashen uku, da shige da fice ba tare da biza ba, har sai an yanke wata shawara. Tunda magana ce da ke iya sauyawa, a tambayi kamfanin jirgi ko na mota halin da ake ciki kafin a sayi tikiti. A tafi da fasfo mai sauran kwana, da katin rigakafin shawara, wanda ake nema a bakin shiga. A ɗauki hotonsu a waya, a kuma bar kwafi a gida.

Hanyar mota ta bi ta Burkina Faso na fama da matsalar tsaro, abin da ya sa masu hali ke bin jirgi daga Yamai, mai nisan kilomita 400 da ƴan kai daga Ƙonni. Wannan ma na shafar zaɓin unguwa: mai sauka a filin jirgi yana kudu ne, kusa da Marcory da Treichville.

Duk abin da aka faɗa a nan ya shafi Lome, Kwatano, Akara ko Dakar. Sunayen unguwanni ne kawai za su canza. A rubuta inda za a yini, a duba abin da ke tsakani, a samu idon da aka yarda da shi, sannan a saki kuɗi.

Idan kuma ka samu masauki ka huta, ka fito da hantsi ka nemi rumfar garba. Attiéké ne na rogo da soyayyen kifin tuna, da yankakken barkono da tumatir da albasa, abincin da ɗalibi da lebura da ma'aikacin banki ke haɗuwa a kansa. Mutanen Abijan da kansu na danganta sunan da ƴan Nijar da suka shahara da sayar da shi, waɗanda da yawansu Garba ne sunansu. Ka yi wa mai rumfar sallama da Hausa ka ji abin da zai amsa. Kafin ka gama cin kwanon, mai yiwuwa ya gaya maka wace mota ce ke zuwa Bassam, da nawa ya kamata ka biya.